A bar bindigar maharbi da tsawonta

Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, ina zaune a maƙerar kawuna ina jiran ya gama gyara min lauje, sai ga wani saurayi ɗan banga ya tsayar da babur a bakin rumfa. Ya sauko da wani dogon abu naɗe a buhu, ya durƙusa ya gaishe da tsohon, sannan ya kwance. Bindiga ce mai baki ɗaya, ta harbin tsuntsu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi. Itacen gindinta har ya yi sulɓi saboda riƙo. Ya ce ta mahaifinsa ce. Buƙatarsa ita ce a rage mata tsawo, a datse bakin a datse gindin, yadda za ta shige cikin riga in ya hau babur.

Kawu bai ko miƙa hannu ya karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, da ita mahaifinka ya ciyar da ku. Ka taɓa ganin ya ɓoye ta?" Yaron ya ce, "Baba, zamaninsu daban. Yanzu in aka hango ka da ita a hanya, kai za a fara harbi." Kawu ya ce, "Allah ya tsare. Amma ni ba na yanke bindiga."

Saurayin ya naɗe kayansa ya tafi ransa a ɓace. Ina bayan kawu a wannan magana, har yau ban sauya ba. Sai dai abin da yaron ya faɗa ba shirme ba ne, kuma wanda zai ce masa kada ya yanke, dole ya iya gaya masa dalili, ya kuma iya kallon tsoron da ya kawo shi maƙera.

Mu fara da ita bindigar. Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin matasa, wai gajeriyar bindiga ta fi zafi, ta fi watsa harsashi, ba sai ka auna ba. Ƙarar da take yi da wutar da take fesowa su ne suke yaudarar mutane. Wutar nan da ake gani a baki albarushi ne da bai gama aikinsa a cikin bututu ba, ya fito ya ƙone a iska. Ƙarfi ne da aka yi asararsa. Albarushi yana tura harsashi ne muddin harsashin yana cikin bututu, da ya fita kuwa turin ya ƙare. A bindigar raifal, mai zare a ciki, kowane inci da aka cire yana rage gudun harsashi, kuma gefen bakin nan da harsashi ke rabuwa da shi na ƙarshe, in bai daidaita ba, harbi ba zai ƙara zuwa inda aka nufa ba. A adaka da sauran bindigogin toka, waɗanda ake ɗura wa baƙin albarushi ta baki, ba don ado magabata suka yi su dogaye ba. Sun gwada sun gani.

Bindigar harbin tsuntsu kuwa tana da wani sirri da masu yankewa ba su cika sani ba. A ƙarshen bututunta, dab da baki, masu ƙira suna ɗan matse ramin. Matsin nan shi ke tattara ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule, su kai nesa, su kayar da zabo ko gada. Wanda ya datse bakin, shi ya fara zubarwa a ƙasa tare da ɗan ƙwallon da ake auna harbi da shi. Abin da ya rage masa ƙarfe ne da ba ya kai nesa, ba ya aunuwa, ga shi ya rage nauyi don haka shurinsa ya ƙaru. In an haɗa da yanke gindi, babu abin da za a jingina a kafaɗa, duk shurin a wuyan hannu zai sauka. Hannun da ke riƙe gaba ya matso kusa da baki. Ƙarar ta matso kusa da kunne. Bindigar da ba ta kai tsawon hannu ba, saurin juyawa gare ta, ko da wasa sai ka ga bakinta ya fuskanci cinyar mai ita ko cikin abokin tafiyarsa a kan babur.

To ɗan banga da zai tsare bakin gari, me ya samu? Ɓarayin daji da yake tsoro suna riƙe da AK-47, wadda ke kashe mutum daga nisan mita ɗaruruwa. Bindigar mahaifinsa da ma can ba ta kai rabin wannan ba, shi kuma yana so ya ƙara rage ta. Ya mayar da kayan tsaron gona da gari ya zama abin da ba ya amfani sai a cikin ɗaki, ko a lungu, ko a bakin tagar mota. Duk wanda ya san wuraren nan uku ya san sana'ar da ake yi a cikinsu.

Wannan ne ya sa doka ta sa ido a kan tsawo. Mutane da yawa a nan ba su san dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki tun 1959 kuma har yanzu tana nan, ta ambaci wannan magana da sunanta ba. Ta hana a rage bututun bindiga mai santsin ciki, wato marar zare irin ta harbin tsuntsu, ya gaza inci 20, wato kusan sentimita 51, ana aunawa daga baki zuwa inda albarushi ke kamawa. Ba mai yankewa kaɗai ta kama ba. Wanda aka samu irin wannan a hannunsa ya yi laifi, wanda ya ƙera ta a haka ma ya yi laifi. Ko kana da lasisin bindigar, lasisin bai ba ka ikon yanke ta ba.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da kuma fistol kowace iri, har da ta toka. Akwai na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu ta gargajiya da raifal ɗin farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma masu ɗurin baki, adaka da 'yan uwanta, waɗanda maganarsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A lura da inda fistol ta faɗa. Doka ta ɗauki ƙaramar bindigar aljihu ta ajiye ta a layi ɗaya da bindigar yaƙi, alhali ba ta kai ta ƙarfi ba. Dalilin a bayyane yake: tana ɓoyuwa. Saboda haka maharbin da ya datse adakarsa har ta koma ta riƙon hannu ɗaya, yana iya ɗauke ta da kansa daga rukunin da ya fi sauƙi ya jefa ta rukunin da ya fi tsanani, inda hukuncin riƙewa ba izini ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Ga kuma dokar fashi da makami ta 1984 tana jira a gefe. Ɗan sandan da ya kama mutum da doguwar bindiga yana iya tambayarsa ko maharbi ne. Wanda ya zaro datsattsiya daga ƙarƙashin rigar wani, ba zai yi wannan tambayar ba, alƙali ma haka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, makiyaya suna da wata gajeriyar bindiga da ake kira lufara, sunan daga kalmar kyarkeci ya fito a harshensu, don da shi ake danganta amfaninta na farko. Amma yau in an ambaci lufara, ba wanda ke tuna makiyayi, 'yan Mafiya ake tunawa, gungun masu manyan laifuka na can, don su suka mayar da ita kayan kisan gilla. A Rasha, lokacin yaƙin basasar da ya biyo bayan juyin 1917, an yi ta datse dogayen bindigogin soja don su shige ƙarƙashin kwat, har abin ya sami sunansa, obrez. A Ingila, dokar 1968 ta sa iyaka a inci 24, rage bututun bindigar harbin tsuntsu ƙasa da haka laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma a can datsattsiyar bindiga ta daɗe tana tafiya da sunan masu fashin banki. Al'ummomi daban, harsuna daban, amma kowa ya gano cewa ranar da aka yanke bindigar farauta, ta bar aikin farauta.

Labarin Amurka ne ya fi tsawo, kuma na fi son in daɗe a kansa, don yana da darasi ga mai bindiga, yana da darasi ga hukuma. A 1934, bayan shekarun haramta giya da suka haifar da gungun 'yan ta'adda irin su Al Kafon a Shikago, majalisarsu ta yi dokar bindigogi ta ƙasa. Ba ta haramta gajerun bindigogi kai tsaye ba. Ta ce a yi musu rajista, a kuma biya harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya ninka farashin bindigar harbin tsuntsu sau da yawa. Ma'aunin da ya zauna daga baya shi ne inci 18 ga bututun bindigar harbin tsuntsu, inci 16 ga raifal, da inci 26 ga tsawon bindigar da aka rage gaba ɗayanta. Wanda ya gaza haka ba rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10.

Akwai wani abu a tarihin dokar da masu adawa da ita ke yawan kawowa, kuma suna da gaskiya a kai. Daftarin farko ya haɗa da fistol. An saka gajerun raifal da na harbin tsuntsu ne don kada mutum ya kauce wa dokar fistol ta hanyar datse doguwa. Kafin a zartar, aka cire fistol, aka bar datsattsu. Sai ya zama a Amurka mutum yana iya sayen fistol ya sa a aljihu, amma in bututun bindigarsa ta farauta ya gaza da rabin inci, ya zama mai babban laifi. Shi ya sa masu rajin bindiga a can suka daɗe suna cewa dokar ba ta da ma'ana, kuma a 2025 suka yi nasarar sa majalisa ta mayar da harajin nan na dala 200 ya koma sifili daga farkon 2026, ko da yake rajistar tana nan. Wani ɗan Najeriya zai karanta wannan a intanet ya ce ai ga Amurka ma ta sassauta. Ya kamata ya lura cewa ƙafar da hujjarsu ta tsaya a kai babu ita a nan. Su fistol halal ce a dokarsu, don haka hana datsewa ya zama kamar rufe taga an bar ƙofa a buɗe. Mu kuwa fistol haramtacciya ce. A wurinmu datsewa ita ce hanyar da ake bi a sami abin da doka ta hana, don haka hanin yana kan ƙa'ida.

Dokar Amurkan nan ta 1934 ta je gaban Kotun Ƙolinsu a 1939, a shari'ar wani Jak Mila da abokinsa, waɗanda aka kama sun tsallaka da datsattsiyar bindiga mai baki biyu daga jihar Oklahoma zuwa Akansas. Ba wanda ya je ya kare su a gaban kotun, shi Mila ma an tsinci gawarsa da harbi kafin a yanke hukunci. Kotun ta ce ba a nuna mata cewa irin wannan bindiga tana da alaƙa da tsaron ƙasa na rundunar jama'a ba, don haka tsarin mulki bai ba ta kariya ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya faru a wani wuri da ake kira Rubi Rij, a jihar Aidaho. Wani mutum mai suna Randi Wiba, mai tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata wanda ya ƙaurace wa mutane da iyalinsa a kan dutse, ya sayar wa wani bindigogi biyu datsattsu a 1989. Ashe mai sayen ɗan leƙen asirin hukumar kula da bindigogi ne. Aka tuhume shi, bai halarci kotu ba, aka aika jami'ai. A watan Agustan 1992 aka yi musayar wuta a dajin gidansa, wani jami'in gwamnati ya mutu, ɗan Wiba mai shekara 14 ma ya mutu. Washegari maharbin hukumar FBI ya harbe matarsa tana tsaye a bayan ƙofa da jaririya a hannu. An yi kwana 11 ana kewaye da gidan. Da aka je kotu, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga laifin bindigar, laifin ƙin zuwa kotu ne ya hau kansa, kuma a 1995 gwamnati ta biya iyalin dala miliyan 3.1. Ba na ƙaunar aƙidar mutumin nan ko kaɗan, da ya gan ni ba zai so ni ba. Amma rayuka uku sun salwanta a kan 'yan inci na ƙarfe. Mai tunanin yankewa ya ga yadda abin da ya ɗauka ƙarami ke buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Hukuma kuma ta ga cewa dokar awo, in ta faɗa hannun jami'in da ke neman abin kama mutum, tarko ce. Ina goyon bayan dokar inci 20, amma ba na goyon bayan a mayar da ita hanyar tatsar maharba a shingen hanya.

Yanzu in koma ga maganar saurayin nan, cewa in aka hango ka da doguwar bindiga kai za a fara harbi. Duk wanda ya ji wannan a Arewa, Uromi zai tuna. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 'yan Kano suna dawowa gida daga jihar Ribas don yin ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 aka ƙona su. Wasu daga cikinsu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Allah ya jiƙansu da rahama. Har yau in na tuna hotunan nan sai cikina ya juya.

Matashi zai ce, ka gani, da bindigoginsu ƙanana ne da sun ɓoye, da ba a gani ba. Na fahimci inda tunanin ya fito, amma a duba da kyau. Motar an bincike ta ne. Da abin da aka zaro daga kayansu datsattsun bindigogi ne, da taron bai sassauta ba, kuma da bayan mutuwarsu ba a sami bakin kare su ba. Abin da ya sa ƙasa ta girgiza, har gwamnan Edo ya taka zuwa Kano ta'aziyya, shi ne kowa ya ga kayan da ke hannunsu kayan farauta ne, irin na iyaye da kakanni. Tsawon bindigogin bai ceci ransu ba, amma shi ya wanke sunansu. Laifin Uromi na waɗanda suka ɗauki doka a hannu ne, da na tsarin da ya bar maharbi yana ratsa jihohi ba wata hanya sananniya da ɗan sintirin kudu zai tabbatar da shi wane ne. Maganin wannan ba ya hannun maƙeri.

A nan ne nake ganin gwamnati ba ta sauke nata nauyin ba. Doka ta ce kada ka yanke, ka nemi lasisi. To ina ƙofar lasisin? Manomin ƙauye da ke da bindigar gado, sau nawa aka taɓa zuwa garinsu aka ce ga ranar rajista, ga kuɗin da za a biya, ga takarda? A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga, sai babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Talaka yana tsakiya: wannan ya ce ka nemi makami, wancan ya ce ba a bayarwa, ɓarawon daji kuma bai nemi izinin kowa ba. Mutumin da ya ga cewa ko doguwa ko gajeriya kama shi za a yi, zai zaɓi wadda ta fi ɓoyuwa. In babu hanyar halal da za a riƙe doguwa a fili, hana yankewa ya zama magana a takarda kawai.

Kuma kada a manta, ba daga maƙerun ƙauye babbar ɓarnar ke fitowa ba. A 2017 kaɗai, jami'an kwastan sun kama bindigogi masu ɗurin famfo, waɗanda ake kira pump action, guda 661 a Legas a watan Janairu, suka sake kama 1,100 a watan Satumba, a cikin kwantenoni. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka malalo Sahel. Wanda ke son rage bindigogi a ƙasar nan ya san inda zai fara. Ban kawo wannan don in wanke mai yankewa ba. Na kawo ne don in an tashi aiwatar da doka, a san girman kowane laifi, kada a cika ofishin 'yan sanda da tsofaffin maharba a kira 'yan jarida su ɗauki hoto.

Abin da nake so in gani bai da wuyar yi. Jihohin da suka kafa rundunonin tsaron al'umma, kamar Katsina da ta ƙaddamar da nata a watan Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara da suka fito a Janairun 2024, su sa awon bindiga cikin sharuɗɗan shiga. A rubuta sunan mutum, a rubuta irin bindigarsa da tsawon bututunta, a riƙa dubawa lokaci lokaci. Ƙungiyoyin mafarauta ma haka. Muna da sarakunan baka, muna da shugabannin 'yan tauri, mutane ne da ake jin maganarsu fiye da ta ɗan sanda a wasu garuruwan. In Sarkin Baka ya ce duk wanda ya yanke bindigarsa ba ya fita farauta da mu, ba kuma ma zuwa belinsa, maganar za ta yi aikin da shekara goma ta wa'azin hukuma ba ta yi ba. Kwamishinonin 'yan sanda kuma, tunda maganar adaka a hannunsu take, su fitar da rajistar daga hedikwata su kai ta fadar hakimi, da kuɗi ƙayyadadde da rasit, da katin da za a iya tantancewa ta waya ko a Edo ko a Ondo. Ita dokar da kanta ta faɗi waɗanda ba za a ba lasisi ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai matsalar gani, mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Dagaci da liman sun fi kowane ofishi sanin wanda ya faɗa cikin waɗannan. Waɗanda suka riga suka yanke kuwa, a ba su wa'adi su miƙa ba tare da tuhuma ba, a ofishin da aka sanar, gaban shaidu, don da yawansu rashin sani ne da tsoro suka kai su, kuma wanda ya gaji datsattsiya daga wansa bai san laifi yake kwana da shi a ƙarƙashin katifa ba.

Akwai wanda zai ce min doguwar bindiga tana da wahalar ɗauka a babur, tana maƙalewa a sarƙaƙiya, tana da nauyi ga mai sintirin dare. Gaskiya ne. Masu ƙera bindiga ma sun san haka, shi ya sa suke yin masu matsakaicin tsawo tun daga masana'anta, an gwada ƙarfinsu, an daidaita bakinsu. Bindigar da sojojin Amurka suka shiga ramukan yaƙi da ita a yaƙin duniya na farko, wadda Jamus ta yi ƙorafi a kanta a 1918, bututunta inci 20 ne. Wato ma'aunin da dokarmu ta sa bai hana mutum abin da zai yi aiki a wuri mai matsi ba. Abin da ke ƙasa da haka, ba sauƙin aiki ake nema da shi ba, ɓuya ake nema. Wahalar ɗauka kuwa maɗauri mai kyau da jakar fata suna maganinta, kuma dukawanmu sun iya ɗinka su.

A addini ma an koya mana ladabin makami a cikin jama'a. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni. An kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Abin da na fahimta a nan shi ne mutanen da ke kewaye da kai suna da haƙƙi a kan makaminka, haƙƙin su kasance cikin aminci daga gare shi. Doguwar bindiga a kafaɗa tana ba su damar su gani, su kauce, su janye yara, su tambaye ka ina za ka. Wadda ke cikin riga ta ƙwace musu wannan damar. Mai shayi da ka zauna a bencinsa bai sani ba, yaron da ka goya a babur bai sani ba, matarka da ke kakkaɓe shimfiɗa ba ta sani ba.

Sannan bindiga tana daɗewa fiye da niyyar mai ita. Saurayin da ya zo wurin kawu, na yarda gari yake son tsarewa. Amma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa. Gobe ya rasu, ko ya shiga matsi ya jinginar, ko ƙaninsa ya ɗauka, ko a ƙwace a hannunsa a wani artabu. Doguwa in ta sauya hannu, mai yiwuwa wurin wani maharbin za ta. Datsattsiya kasuwarta ɗaya ce, kuma mun san masu saye: 'yan fashi, masu tare hanya, da yaran da 'yan siyasa ke tarawa in zaɓe ya matso. Mun ga yadda aikin 'yan sa-kai ya faro da kare kai a Zamfara, ya rikiɗe a wasu wurare ya koma kisan mutane a kasuwa ba shari'a, har gwamnati ta haramta su, ramuwar gayya kuma ta ƙara hura wutar. Duk abin da zai sa a kasa bambance mai tsaron gari da mai cin gari, asara ce ga mai tsaron.

Bayan saurayin ya tafi, na tambayi kawu ko ya san doka ta hana. Ya ce shi bai san wata doka ba. Ya ce tun yana yaro a gaban mahaifinsa, maharba ke kawo adaka a gyara kunama ko a sauya itace, amma ba a taɓa kawo musu yanka ba sai a shekarun nan, kuma duk wanda ya kawo, ba ya son a yi aikin da rana a gaban mutane, sai ya ce zai dawo bayan isha'i. Ya ce a wannan watan kaɗai, yaron shi ne na uku. Sannan ya miƙo min laujena, ya ce wa almajirinsa ya ƙara gawayi a wuta.